Addar da Baba Ke Nufi

Duk jikan da aka haifa wa Baba Hosea, a gadon da ya ƙera da hannunsa yake fara kwana. Haka aka saba tun daga jikan fari. Da zarar ciki ya fito a jikin wata 'yarsa ko matar ɗansa, sai a ga Baba ya shige rumfar da ke bayan gidansu a Sangere, a fara jin kukan zarto, garin katako yana sauka a kan ganyen gwanda. Ba ya yarda a kwantar da sabon jariri a tsohon gado. Kowa da nasa, kuma a jikin kowane gado, ta wajen kai, yakan sassaƙa ɗan ƙaramin kifi.

Bana ga Becky, babbar 'yarsa, da tsohon ciki, amma rumfa shiru.

Abu biyu ne suka haɗu. Da farkon damina hawan jini ya kayar da Baba a ƙofar coci, ɓarin jikinsa na dama ya yi nauyi, harshe ma ya bi sahu. Yana kwance a asibiti a Yola aka tafka ruwan da ya cika rafin bayan unguwa, rafin ya shigo rumfa ya yi awon gaba da akwatin kayan aikinsa, kayan da ya tara tun yana koyar da aikin katako a sakandare. Abin da aka tono daga laka bai wuce zarto ɗaya da tsatsa ta cinye wa haƙora ba, sai ƙotar guduma babu kai.

Jiki kam ya yi sauƙi, an gode Allah. Baba yana takawa da sanda, yana cin tuwonsa da kansa, yana gyara wa mai wa'azin rediyo aya da girgiza kai. Magana ce ta koma kamar famfon unguwa, ta ɗigo kalma ɗaya ta ɗauke. "Ruwa." "Rediyo." "Liyatu." Wannan na ƙarshen sunan Mama ne, kuma shi ya fi fita da sauƙi, har Mama take cewa ciwon ma ya san mai gida.

Keturah ce auta. Ta gama jami'a tana jiran a tura ta bautar ƙasa, tana ɗan koya wa yaran maƙwabta lissafi da yamma. Tun tana ƙarama ba ta da yawan magana, don haka 'yan gidan suka samu abin tsokana: wai yanzu ne Baba ya samu abokin hira daidai shi. Sukan zauna su biyu a gindin mangwaro, shi a kujera ita a tabarma, su wuni ba wanda ya takura wa wani, kuma zaman yana yi wa Keturah daɗi. Cikin wannan zama ta lura da abubuwan da sauran ba su tsaya gani ba. Ta ga yadda yake riƙe kofi da babban yatsa da yatsu biyu, sauran biyun suna tsaye sun ƙi lanƙwasa. Ta ga kuma kowace safiya sai ya juya kujerarsa ta fuskanci rumfa, ko da rana tana dukan wajen.

Ranar wata Lahadi bayan sujada Becky ta zo da mijinta Apollos da 'yarsu Virtue. Ana cikin cin shinkafa Apollos ya ce, da kyakkyawar niyya, "Baba, kada ka damu da maganar gado. Na ga wani na ƙarfe a Jimeta, har da gidan sauronsa. Ƙarshen wata zan ɗauko."

Baba ya gyaɗa kai, ya ajiye cokali.

Virtue, wadda ba ta san abin da ake ɓoyewa ba tukuna, ta ɗago daga kwano ta ce, "Na ƙarfe yana da kifi?"

Becky ta ce, "Ke, ci abincinki."

Ba wanda ya ƙara tada maganar. Amma Keturah ta ga Baba bai koma kan cokalin ba, ya ɗora hannun daman a gwiwa yana kallonsa kamar baƙon da ya ƙi tafiya.

Da la'asar, bayan baƙi sun wuce, ta jawo tabarmarta kusa da ƙafarsa. Tana da ɗan abin da ta tara daga koyar da yara, ba mai yawa ba, amma a ganinta zai isa a fara da wani abu.

"Baba, idan na shiga Jimeta gobe, me zan fara nemo maka? Na kayan aiki."

Ya dube ta, ya daɗe yana duban ta. Leɓensa ya motsa sau biyu kafin kalmar ta fito.

"Adda."

"Adda?"

Ya gyaɗa kai da ƙarfi. "Araha," ya ce. Ya huta. "Mai kyau."

Abin ya ɗaure wa Keturah kai. Guduma ta zata, ko zarto. Me kafinta zai yi da adda? Mama, da ke tsince wake a bakin ƙofa, ita ta warware. Hausar Mama irin ta garin nan ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Gaskiyarsa ne mana. Ka duba hanyar rumfan nan, ciyawa ya kai ƙugu. Ta ina zai bi ya shiga? Maciji ma ya yi haya a ciki. Ka je ka saya masa adda, a share wurin tukuna."

Baba ya buɗe baki, sai ga maƙwabciya ta yi sallama tana neman aron turmi, maganar ta bi iska.

Washegari Keturah ta shiga mota zuwa Jimeta. Da suka hau gada ta leƙa Binuwai, ya cika ya batse, ruwan ja kamar kunun kanwa, masunta can nesa a kwale-kwale kamar ƙudaje a faranti. Ta sauka ta hau keke napep zuwa layin masu kayan ƙarfe da ke gefen kasuwa.

Ita da kasuwa ba sa shiri. Ihun "Anti, zo nan!" kaɗai yana sa ta ji kamar ta juya gida. Shaguna a jere, kowanne ya rataya kwali an rubuta RANGWAME da jan fenti, ga shebur da diga da baro an baje har bakin kwalta. Ta shiga na farko don mai shi bai kira ta ba. A na biyu ne wani mai suna Danny, mai sarƙa a wuya da murya kamar ta kwandasta, ya tare ta.

"Anti, adda? Kin zo gida. Dubi wannan, orijina ne, no be wasa. Da shi za ki sare bishiyar kuka ki dawo ki yanka albasa."

Ya miƙo mata wata mai jan fenti tana walƙiya. Keturah ta karɓa. Ba ta san sunan kamfani ko ɗaya ba, amma ta girma a bakin rumfar Baba, kuma yaron da ba ya magana kunnensa a buɗe yake. Ta tuna yadda Baba ke yi wa duk ƙarfen da ya shigo gidan. Ta riƙe addar ta ƙota da yatsu biyu, ta bar ta tana lilo, ta ciro makullin gida ta ɗan ƙwanƙwasa. Addar ta ce kwaf, kamar marfin tsohuwar tukunya.

Ta ajiye. Ta ɗauki wata. Kwaf.

"Anti, rediyo kike saye ko adda?"

Ta yi murmushi. Can ƙarƙashin tarin ta hango wata baƙa, ba fenti, ba takarda a jiki, ƙotar ma ba a goge ta sosai ba. Ta jawo ta, ta ƙwanƙwasa. Amon ya tashi siriri, ya daɗe yana yawo cikin shagon kafin ya mutu. Ta dafa tsinin a ƙasa ta ɗan lanƙwasa, ta saki, ƙarfen ya koma miƙe. Ta duba ƙusoshin da suka riƙe ƙotar, ba wadda ke motsi.

Danny ya faɗi kuɗi. Keturah ta so ta ce a rage, amma kunya ta riƙe mata harshe, sai ta tsaya kawai tana kallon addar. Danny ya ɗauka ƙin yarda ne, ya rage. Ta ɗago ta dube shi, tana neman kalmar godiya. Ya sake ragewa.

"Haba Anti, kin fi 'yan kasuwa iya ciniki. Ko magana ba ki yi ba kin gama da ni. Ɗauka, ɗauka, kafin ki karɓi shagon."

Ta dawo gida da adda naɗe a takardar buhun siminti, zuciyarta fari tas. Baba yana gindin mangwaro. Ta durƙusa ta warware takardar a gabansa.

Baba ya dubi adda. Ya dubi Keturah. Ya sake duban adda. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, bakinsa ya karkace, wani sauti ya fara fitowa daga ƙirjinsa. Keturah ta zata ciwon ne ya dawo, ta ƙwala wa Mama kira. Kafin Mama ta iso da gudu, zani a hannu, abin ya bayyana: dariya ce. Baba dariya yake yi har da hawaye, yana buga sanda a ƙasa, irin dariyar da ba a ji ba a gidan tun kafin damina.

"Ba…" ya ce, ya share ido. "Ba wannan ba."

"Ba ta da kyau ne, Baba?"

Ya girgiza kai. Ya ja numfashi, ya tattaro kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar mai ɗebo ruwa daga rijiya mai zurfi. "Adda. Mutum. Mai shago. Adda Asta."

Mama ta saki baki, ta dafe kai. "Wayyo ni Liyatu! Bafulatanan nan ne! Shekara da shekaru yana cewa na tafi wurin Adda, na dawo daga wurin Adda. Kai, tsufa bai yi ba."

Sai a lokacin Keturah ta gane. A garin nan, inda Fulatanci ya riga Hausa zama, babbar yaya mace ita ce Adda, kuma duk dattijuwar da ake girmamawa ana iya kiranta haka. Ita kanta tana da ƙawaye da ke kiran yayyensu Adda. Amma da aka haɗa kalmar da kayan aiki da ciyawar bayan gida, ko kusa hankalinta bai je can ba. Ta rufe fuska da tafin hannu tana dariya ita ma. Ta cikin yatsunta ta lura da wani abu: rabon Baba da jera kalmomi haka tun ranar da ya faɗi.

"To ina shagon yake, Baba? Gobe sai in koma."

Ya ɗaga hannun hagu ya nuna gabas, ya karkata shi, ya sake karkatawa. "Bayan… bayan…" Kalmar ta maƙale. Ya gwada, ta ƙi. Ya yi tsaki, ya buga sanda.

"Ni," ya ce. "Gobe."

"Kai wa?" in ji Mama. "Ka je ina? Mutumin da ko coci bai koma ba?"

Baba bai kula ta ba. Ya miƙa hannu Keturah ta ba shi addar. Ya riƙe ta da hagu, ya ɗan buga ta da zoben aurensa, ya kara kunne. Da amon ya gama mutuwa ya dubi 'yarsa ya ce, "Mai kyau."

Mama ta yi ta mita har magariba, tana lissafo rana da ramukan hanya da direbobin da ba su da hankali. Da safe kuma Keturah ta tarar ta goge masa shuɗiyar rigarsa ta rataye a ƙofa.

Apollos ne ya kai su da motarsa har bakin layin masu ƙarfe, ya wuce ofis. Daga nan Baba ya shige gaba, sanda tana ƙwas ƙwas, Keturah tana biye. Suka wuce shagon Danny, wanda ya ɗaga hannu ya ce, "Anti mai shiru! Yau ban da kaya, na roƙe ki!" Suka karya ta wani lungu tsakanin masu bututun ruwa, suka sake karyawa. Ko shekara za ta yi tana yawo ba za ta gano wurin ba. Ƙafar Baba kuwa ba ta manta ba.

Shagon ba shi da allo, ba kwalin rangwame. Wata dattijuwa siririya, fara, da tabarau a kan hanci da carbi a hannu, tana zaune a benci tana goge wata sufana da tsumma. Ta ɗago, ta sauke tabarau, ta mayar.

"La ilaha illallahu. Tica! Jaɓɓama, jaɓɓama, sannu da zuwa! Ashe kana duniya? Na ji labarin ciwo, na rasa wanda zai nuna min gida. Na ce ko dai ka samu wata Addar ce ka guje ni."

Baba da Keturah suka dubi juna, dariya ta ƙwace musu a tare. Dole Keturah ta ba da labari, murya ƙasa ƙasa, tana kallon yatsun ƙafarta. Adda Asta ta tafa hannu.

"To! Ni aka naɗe a takardar siminti aka kai Sangere? Tica, faɗi gaskiya, ni da ita wa ya fi kaifi?"

Baba ya nuna ta da sanda. "Ke."

"Ka ji shi. Ciwo bai taɓa wannan bakin ba, rage masa gudu kawai ya yi. Zauna, zauna. 'Yata, jawo masa kujeran nan."

Shagon na mijinta ne, marigayi Hayatu, in ji ta, da ya rasu ta ga ba za ta iya zaman gida tana kallon bango ba. Kayan gwanjo take saye, na kafintocin da suka daina aiki da na kamfanonin da suka tashi, da sababbi masu araha idan ta ga suna da ƙashi. Kowanne sai ya bi ta hannunta kafin ta ba shi wurin zama.

"Kaya uku gare ni, 'yata. Na bango, na tebur, na daro. Na bango, idan ya karye ki dawo ki zage ni. Na tebur zai yi miki aiki, amma kada ki ba maƙwabci aro. Na daro kuwa," ta nuna wani babban daro a bakin ƙofa cike da tarkacen ƙarfe, "ke da sa'arki, ban san ki ba, ba ki san ni ba."

Aka fara da zarto. Adda ta sauko da guda uku daga bango. Baba ya sa Keturah ta ɗaga kowanne saitin idonsa, ya bi layin haƙoran da kallo, ya sa ta lanƙwasa ta saki. Ya zaɓi wani tsoho mai baƙar ƙota wadda hannun wani ya riga ya lashe ta yi sulɓi. Aka ɗauki tef na awo daga tebur, da magagari. Keturah tana ta mamakin yadda kuɗin bai kai abin da ta ji ana faɗa a bakin titi ba. Adda ta ce ai fenti ake saya a can, ita kuwa ba ta sayar da fenti.

Sai aka zo kan guduma.

Tun shigowarsu idon Baba yake kan wata a bango, babba, mai kauri, irin tasa da ruwa ya tafi da ita. Adda ta sauko da ita ba tare da ya tambaya ba. Ya jingine sanda, ya miƙa hannun dama. Yatsu uku suka kama ƙotar, biyu suka tsaya a waje. Ya ɗaga ta daga tebur. Ta yi sama kaɗan, ta karkata, ta suɓuce, ta faɗi a siminti da ƙara har mai shagon gefe ya leƙo.

Adda ta sunkuya ta ɗauka, ta shiga goge ta da tsumma kamar ƙura ce damuwarta. Baba ya jawo sandarsa. Ya dubi ƙofa.

"Gida," ya ce.

Keturah ta san idan suka fita haka, zarton nan zai kwanta a rumfa har shi ma tsatsa ta ci shi, kuma ƙarshen wata gadon ƙarfe zai shiga gidan Becky. Ba ta iya lallashi ba, ba ta taɓa iyawa ba. Sai ta je bakin ƙofa ta durƙusa gaban daro, ta shiga tonawa. Kofin shayin Baba take tunawa, da kaurin mariƙinsa, da yadda yatsu ukun nan suke zagaye shi su riƙe gam. Ta ture karyayyun filaya da sukudireba marasa kai. Can ƙasa ta samu wata 'yar guduma, kai ƙarami, ƙota siririya. Ta ƙwanƙwasa kan da makulli, ya amsa da murya mai kyau. Ƙotar ce ke ɗan girgiɗi.

"Wannan?" in ji Adda. "Ƙarfen kam na bango ne. Maza ne suka ƙi ta, wai ta fasa goro ce. Ta gaji da jira na jefa ta daro. Kawo."

Ta tsaga ɗan guntun itace, ta cusa a saman ƙotar, ta buga ta a ƙasa sau biyu, kan ya zauna daram. Ta jawo wani guntun katako ta ɗora a benci, ta ajiye ƙusa ɗaya a gefe, ta koma ta ɗauki carbinta kamar ba ruwanta.

Keturah ta miƙa wa Baba gudumar. Ya ƙi karɓa da farko. Ta bar hannunta a miƙe, cikin irin shirun da ya karya Danny. Ya karɓa. Yatsu ukun suka zagaye ƙotar suka haɗu. Ya jinjina ta, ya juya wuyan hannu, ba ta suɓuce ba.

Saura mai riƙe ƙusa, don hannun hagunsa yana kan sanda. Keturah ta durƙusa, ta tsayar da ƙusar a kan katako da yatsu biyu.

"A'a," in ji Baba.

"Ga filaya, 'yata, riƙe da ita," in ji Adda.

Keturah ta girgiza kai. Ta tuna ranar da ta fara riƙe guduma, tana 'yar firamare. Baba ne ya riƙe mata ƙusa da yatsunsa, ta rufe ido ta maka masa a babban yatsa, farcen ya yi baƙi har Kirsimeti. Bai janye hannun ba. Cewa ya yi ta buɗe ido ta sake.

"Baba, ai ka riƙe min. Buga."

Ya daɗe yana saiti. Gudumar ta sauko, ta goge kan ƙusar, ta sauka a gefen yatsanta. Zafin ya ratsa har gwiwar hannu. Ta cije leɓe, ba ta motsa ba.

Baba ya zaro ido. Sai kuma gefen bakinsa ya ɗaga. Ya nuna babban yatsansa, ya nuna nata.

"Ɗaya da ɗaya," in ji Keturah. "Sake."

Bugu na biyu ya sauka a kan ƙusa. Na uku ma. Ta janye yatsunta, ya ci gaba shi kaɗai, a hankali, kowane bugu da hutunsa, har kan ƙusar ya shige ya yi daidai da katako. Ya shafa wurin da yatsa. Gumi ya jiƙa shuɗiyar rigar da Mama ta goge.

"To, Tica," in ji Adda, "ka lalata min katako, sai ka saya."

Da za su tafi ta ƙi karɓar komai a kan gudumar, wai kayan daro ba ta san su ba, ba su san ta ba. Ta cusa wa Keturah ƙullin ƙusoshi a jaka, ta ce idan an haihu a aiko mata da labari, kuma a faɗi sunanta cikakke, kada a aika wa ƙarfe.

Addar ƙarfen ma ba ta yi zaman banza ba. Kafin su dawo Mama ta share hanyar rumfa da ita tas, ta sare reshen mangwaron da ya daɗe yana tokare mata igiyar shanya, ta kuma sanar cewa addar tata ce, kada wanda ya taɓa.

Aikin gadon ya ɗauki lokaci fiye da na sauran. Keturah ce ke awo da jan zarto idan hannun Baba ya gaji, shi yana zaune yana nuna layi da tsinin sanda. Kalmomi suka riƙa ƙaruwa a rumfar, yawancinsu na faɗa: "Karkace." "Sake." "Wa ya koya miki?" Ta ce shi ne. Ƙusa kuwa bai yarda kowa ya buga ba, ko ɗaya. Da Apollos ya leƙo ya ga ƙafafu huɗu a tsaye, bai ƙara tada maganar gadon ƙarfe ba, sai dai ya kawo gidan sauro ya ce ko za a auna da shi. Kifin ne ya fi ba Baba wahala. Ya fito da ƙaton kai da wutsiya a karkace, Virtue ta duba ta ce tarwaɗa ce, kowa ya yarda.

Becky ta sauka lafiya, namiji. Ranar da aka dawo da su daga asibiti gadon yana jira a ɗaki, yana ƙanshin sabon katako. Aka kwantar da jaririn, ya yi miƙa, ya ci gaba da barcinsa. Virtue ta kama gefen gadon ta yi ɗage tana leƙe, tana korar duk wanda ya matso da yawa.

Baba yana zaune a bakin ƙofa, sanda tsakanin gwiwoyi. Ya daɗe yana kallon yarinyar, sannan ya nuna ta da haɓa.

"Adda," ya ce.

Keturah ta matso kusa da kunnensa. "Wacce daga ciki, Baba? Kada in sake shiga mota."

Ya ɗaga sanda kamar zai maka mata, dariya ta hana shi.